Dashen ƙoda: Idan jijiya ta toshe bayan an dawo Garwa, wa zai gyara?

Tun daga watan Nuwamban 2021, lokacin da aka yi dashen ƙoda a Babban Asibitin Yawunde, wanda hukumomin lafiya suka bayyana a matsayin buɗe sabon babi a Kamaru, maganar dashe ta daina zama labarin Turai da Indiya a kunnen mutanenmu na Arewa. Yanzu a rumfunan kasuwar Garwa da Gidar da Gashiga, da zarar an ce wane ya fara wankin ƙoda, tambayar da ke biyo baya ita ce ko an samu wanda zai ba shi tasa, kuma nawa ake nema. Sai dangi su zauna, abokan ciniki su haɗa gudummawa, a kwashe adashi, a sayar da fili ko shanu, wani lokaci har a kawo mana sanarwar neman taimako a gidan rediyo. Wannan zumunci abin yabo ne, Allah ya saka wa masu yi. Amma mun lura kusan duk lissafin da ake yi yana tsayawa ne a ranar tiyata, kamar da an fito da mara lafiya daga ɗakin fiɗa shi ke nan an sauke kaya. Alhali ƙodar da aka dasa tana rataye ne da ɗinkin jijiyoyi biyu, kuma idan ɗaya ta samu matsala, abin da zai ceci ƙodar shi ne kusancin mai gyara. A nan ne Garwa take da babban giɓi.

Bari mu fara da yadda aikin yake, domin da yawa daga cikinmu suna zaton cire tsohuwar ƙoda ake yi a maye gurbinta da sabuwa. Galibi ba a taɓa tsofaffin, ana barin su a inda suke. Sabuwar kuma a ƙasan ciki ake ajiye ta, gefen mara, dama ko hagu. Likitan fiɗa zai ɗauki jijiyar da ke kai wa ƙodar jini ya ɗinka ta a jikin babbar jijiyar da ke gangarawa ƙafa, ya ɗauki wadda ke fitar da jini daga ƙodar ya ɗinka ta a jikin wadda ke dawo da jini daga ƙafa, sannan ya haɗa bututun fitsari da mafitsara. Jijiyar da ke kai jinin nan kaurinta bai wuce na fensir ba, zaren ɗinkin kuwa kusan siririn gashi ne. Ga shi ƙoda gaɓa ce mai shan jini, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ƙodoji ne ke karɓa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ƙodar da aka dasa ba ta da wata ɓarauniyar hanya. Mu da muka saba idan an tare titi a Damsa mu bi ta daji ko mu hau kwalekwale a Binuwai, sai mu fahimci hatsarin garin da hanyarsa ɗaya ce tak. Idan ta toshe, babu ta inda jini zai shiga.

Wannan ɗinki yana da tarihi, kuma daga Faransa ya fito. A 1894 wani mutum ya daɓa wa shugaban Faransa Sadi Carnot wuƙa a birnin Liyon, ta yanke wata babbar jijiya ta hanta, likitocin zamanin suka rasa yadda za su ɗinke ta har ya cika. Wani matashin likita na garin, Alexis Carrel, ya duƙufa kan neman hanyar ɗinka jijiya da jijiya ba tare da jini ya daskare a wurin ba, ya wallafa dabararsa a 1902, aka ba shi kyautar Nobel a 1912. A 1951 likitocin Faris, cikinsu har da René Küss, suka fito da tsarin ajiye ƙodar a gefen mara wanda har yau shi ake bi. Sai a watan Disambar 1954 aka yi dashen farko da ya ɗore, a birnin Boston na Amurka, inda Joseph Murray ya dasa wa wani mutum ƙodar ɗan tagwayensa. Wato sama da shekara 50 aka ɗauka tsakanin koyon ɗinkin da cin nasarar dashen, kuma har yanzu wurin ɗinkin nan yana cikin wuraren da likitoci suka fi sa wa ido.

Matsalolin jijiya bayan dashe ba kowa suke samu ba, mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin a asibitin kirki ba sa gamuwa da su. Sai dai idan sun zo, kowace da lokacinta da irin gaggawarta.

Mafi muni ita ce daskarewar jini a cikin jijiyar, wadda ta fi faruwa a kwanakin farko zuwa mako biyu. Mutum yana fitsari lafiya lau, kwatsam sai fitsarin ya ɗauke. Idan jijiyar da ke fitar da jini ce ta toshe, wurin dashen kan kumbura ya yi ciwo, a ga jini a fitsari, ƙafar wannan gefen ma ta iya kumbura. Maganinta a koma ɗakin tiyata nan take, a buɗe jijiyar a zaro gudan jinin, a wanke ƙodar, a sake ɗinkin idan murɗewa ko lanƙwasa ce ta jawo. Ƙodar da jini ya yanke mata ba ta jure dogon jira, magana ce ta sa'o'i ƙalilan, kuma ko a manyan asibitocin duniya sau da yawa ƙarshenta cire ƙodar ake yi. To mai karatu ya auna da kansa. Daga Garwa zuwa Ngaundere tafiyar kusan kilomita 280 ce a mota, daga can kuma jirgin ƙasa sai ya kwana a hanya kafin ya shiga Yawunde. Jirgin sama kuwa ba kullum ake samunsa a sa'ar da ake buƙata ba. Wanda wannan matsala ta same shi a gida, maganar gyara ta riga ta wuce. Shi ya sa muke ganin babbar asara ce iyali su matsa wa likita ya sallami mara lafiya da wuri don kuɗin masauki ya yi yawa, ko don shago ya daɗe a rufe. Makonnin da ake cewa a zauna kusa da asibitin suna cikin aikin, kuma ya kamata kuɗinsu ya shiga lissafi tun farko.

Ta biyu, wadda ta fi yawa kuma ta fi shafar mu, ita ce tsukewar jijiyar da ke kai jini. Ita ba ta zuwa da hayaniya. Galibi tana bayyana ne tsakanin wata 3 zuwa shekara 2 bayan dashe, wato daidai lokacin da mutum ya dawo gida, ya yi ƙiba, ya koma kasuwa, 'yan uwa sun gama zuwa barka. Wurin ɗinkin ko kusa da shi sai ya riƙa ƙuncewa a hankali. Ƙodar da jini ya rage mata sai ta fitar da sinadarin da ke tayar da hawan jini don ta jawo wa kanta ƙari, sai a ga jinin mutum ya hau ya ƙi sauka duk da ƙwaya biyu ko uku da yake sha, ƙafafu su kumbura, awon ƙoda da ake kira kiriyatinin ya riƙa hawa, wani ma ruwa ya taru masa a huhu farat ɗaya numfashi ya gagara. A nan akwai tarko. Wasu magungunan hawan jini da aka saba bayarwa, irin su kaftofiril da enalafiril da losatan, idan aka ba mai wannan tsukewa suna iya sa aikin ƙodar ya faɗi cikin kwanaki. Ma'aikacin lafiyar da bai san an yi wa mutum dashe ba, ko mai sayar da magani a bakin tasha, zai iya miƙa masa su da kyakkyawar niyya.

Ita wannan tana gyaruwa, kuma nan ne takaicin yake idan aka rasa ƙoda saboda ita. Ana gano ta da hoton ekografi mai nuna gudun jini, wanda likitoci ke kira Dofla, sannan a tabbatar da hoton jijiyoyi. Yawanci ma ba sai an tsaga ciki ba. Ta matsematsi ake zura siririn bututu cikin jijiya har zuwa wurin da ya tsuke, a hura ɗan balan-balan ya buɗe shi, idan ya cancanta a bar wata 'yar raga ta ƙarfe a ciki ta tokare bangon jijiyar. Idan hakan bai yiwu ba, ko jijiyar lanƙwashewa ta yi, sai likitan fiɗar jijiya ya buɗe, ya yanke wurin ya sake haɗawa, ko ya ciro wata jijiya daga cinyar mutum ya yi wa jinin kwana ya tsallake wurin da ya lalace. Aiki ne mai wuya domin wurin ya riga ya yi tabo, amma ana yin sa. Kuma tun da ita ba ta sa'o'i ba ce, mutumin Garwa ko Figil yana da damar isa inda za a yi masa, muddin an gane ta da wuri.

Akwai ta uku da ba ta cika faruwa ba amma tana kisa: wurin ɗinkin ya yi rauni ya kumbura kamar tayar da ta yi ƙwai, sau da yawa saboda ƙwayar cuta ta shiga wurin. Ranar da ta fashe jini ne zai zuba a ciki. Sau da yawa dole a cire ƙodar a gyara jijiyar ƙafa don a tsira da rai da ƙafar. Likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta cewa irin wannan cuta ta fi bin waɗanda suka je aka yi musu dashen saye a ɓoye, inda ake aiki cikin gaggawa a ɗakin da ba shi da tsabta, a sallami mutum ba takarda.

Wannan ya kawo mu kan maganar dillalai, kuma a nan ba za mu yi kara ba. Sayen ƙoda haramun ne a dokar Najeriya ta kiwon lafiya ta 2014, haka a Indiya tun dokarta ta 1994, kuma sanarwar Istanbul ta 2008 ta haɗa likitocin dashe na duniya a kan ƙin wannan ciniki. Wanda yake ganin kuɗi ko muƙami zai kare shi ya tuna da Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023 bisa kai wani saurayi Ingila don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa. Saurayin nan ɗan talla ne a titunan Legas, wato irin yaran da ke tura baro a kasuwanninmu. Ban da zunubi da ɗauri, dashen dillali yana da wata illa ta fuskar gyara. Likitan da zai taɓa jijiyar da wani ya ɗinka yana buƙatar sanin yadda aka yi ɗinkin: ƙodar hagu ce ko ta dama, jijiya ɗaya gare ta ko biyu, a jikin wace jijiya aka haɗa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ƙodarsa tana da jijiyar kai jini fiye da ɗaya, kuma hakan yana ƙara wa aikin wuya. Asibitin da ya yi aiki a ɓoye ba zai rubuta wannan ba, ba kuma zai ɗaga waya ba idan an kira. Ɗan kasuwar da ba zai yarda ya ɗauko kaya daga Dubai ba tare da takardar duwan ba, bai kamata ya dawo da ƙoda a cikinsa ba tare da rahoton tiyata ba.

To ina mutumin Arewacin Kamaru zai nufa? Yawunde tana da amfanin cewa ƙasa ɗaya ce, ba biza, ba canjin kuɗi, kuma likitocin ƙoda na Garwa sun san takwarorinsu na can. Illarta nisa, da kuma cewa shirin sabo ne idan aka kwatanta da na maƙwabta. Najeriya ta riga mu da shekara 20. Asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, na Jami'ar Maiduguri ya yi nasa na farko a 2010, ga kuma asibitocin kuɗi a Abuja. Ga Bahaushen Garwa, Kano gida ce: harshe ɗaya, akwai maigida a Kwari ko Singa da zai ba da masauki, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 mai riƙe da sefa ya ga kuɗinsa ya yi auki a can. Amma mu da muke zaune a bakin iyaka mun san halinta. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta fara buɗe wasu ba sai Disambar 2020, Kamaru ma ta rufe nata a Maris 2020 saboda korona, jirage suka tsaya. Buhun shinkafa zai iya jira a sito har a buɗe. Mai tsukakkiyar jijiya da likitansa yake ƙetare, ko mai dashen Indiya da ƙwayoyinsa suka ƙare, ba shi da wannan sararin. Duk wanda zai zaɓi wurin dashe, a ganinmu hanyar komawa wurin ce ya kamata ya fara aunawa kafin farashi.

Ta ɓangaren gwamnati kuwa, ba za mu hana ta yabon da ta cancanta ba. Shekaru da dama mai wankin ƙoda a asibitin gwamnati yana biyan sefa 5,000 a kowane zama, gwamnati na cika sauran, sannan da aka ƙaddamar da shirin kiwon lafiya na bai ɗaya a Afrilun 2023 ƙarƙashin minista Manaouda Malachie, aka mayar da kuɗin sefa 15,000 a shekara. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma Garwa tana cikin garuruwan farko da aka kai wa cibiyar wankin ƙoda a wajen Yawunde da Duwala. Sai dai an sha ganin masu wankin sun fito titi a Yawunde suna kuka da lalacewar injuna da ƙarewar kayan aiki, kuma wannan fargaba ce ke ƙara tura iyalai neman dashe ko ta halin ƙaƙa. Abin da muke jin tsoro shi ne a shagala da gasar wane asibiti ne zai yi dashe na gaba a sa a talabijin, a manta da waɗanda aka riga aka yi wa suna zaune a Garwa da Marwa da Kuseri.

Abin da Garwa ta fi buƙata a yau bai kai dashe tsada ba. Ana buƙatar ma'aikacin da ya ƙware wajen duba ƙodar dashe da Dofla, domin samun injin daban, iya karanta shi daban. Ana buƙatar wurin awon adadin maganin hana jiki ƙin ƙodar, irin su takrolimus da siklosforin, a cikin jini, ba sai an aika kwalba kudu an jira ba. Sannan ana buƙatar likitan fiɗar jijiya mazauni, da yarjejeniya a rubuce tsakanin asibitocin Garwa da cibiyar Yawunde kan wanda za a kira da yadda za a ɗauki mara lafiya idan ta ɓaci. Wani zai ce masu dashe nawa ne a Arewa da za a ajiye musu likita guda? Amsar ita ce ba su kaɗai zai yi wa aiki ba. Duk mai wankin ƙoda yana buƙatar a haɗa masa jijiya biyu a hannu don injin ya samu inda zai ja jini, dabarar da aka fito da ita tun 1966, kuma wannan haɗi yakan toshe ya nemi gyara. Ga masu ciwon suga da ake yanke wa ƙafa saboda jini ya daina sauka, ga 'yan acaɓa da hatsari ke tsinka wa jijiya a kan titin Pitowa. Yanzu da Garwa take da jami'arta tun 2022 da tsangayar koyon likitanci, babu dalilin da zai hana a tura 'ya'yan yankin su koyo wannan fanni da sharaɗin su dawo. Attajiranmu da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya karɓa, su ma za su iya ɗaukar nauyin karatun mutum ɗaya.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai ƙodar da iyalinsa, kuma yanayin sana'armu ba ya taimakawa. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. Mutumin da ya wuni a kasuwar shanu ta Adumri ko a bayan babbar mota zuwa Mbaibum, yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya dame shi a hanya, yana jefa ƙodar cikin hatsari, balle idan gudawa ko amai suka haɗu da shi. Maganar azumi ma ta likitansa ce, ba ta abokan hira ba. Haka ƙwayoyin ciwon jiki da muke haɗiya kamar gyaɗa bayan an sauke kaya, diklofenak da ibufurofen, suna rage jinin da ke shiga ƙoda, mai dashe ya nisance su. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san abin da ke ciki ba su ma haka. Maganin tarin fuka da ake kira rifamfisin yana karya ƙarfin takrolimus, don haka ko a wane asibiti aka je, kalmar farko ita ce a faɗa musu akwai ƙodar dashe. Su kuwa ƙwayoyin dashen kansu, waɗanda ake sha har ƙarshen rai, mun fi kowa sanin yadda jabu ke yawo a kan iyaka da yadda kwali ke kwana a rana. A saye su a farmasi mai rajista, a ajiye na wata biyu ko uku a gaba.

Na'urar awon hawan jini ta gida kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Mai dashe ya auna safe da yamma ya rubuta a littafi kamar yadda yake rubuta bashi, ya riƙa lura da yawan fitsarinsa da nauyinsa. Rahoton tiyata, da sunayen magunguna, da lambar likitan da ya yi aikin, a yi musu kwafi biyu da Faransanci ko Turanci, ɗaya a gida ɗaya a jakar tafiya, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Kuma a cikin kuɗin da aka tara, tun kafin a tashi, a ware na komawa: kuɗin jirgi na mutum biyu da na aikin buɗe jijiya, a damƙa wa amintacce da sharaɗin ba za a juya su a kasuwa ba har shekara biyun farko su cika.